Besbol da Ƙofar Gefe ta Manyan Jami'o'in Amurka

Duk bazara a Amurka, a sansanoni irin su Headfirst da Showball, za ka tarar da samari 'yan shekara goma sha shida sanye da riguna masu lamba, suna bin layi ana gwada su: gudun yadi 60, ƙarfin jifa, ƙarfin bugu. A bayan raga kociyoyin jami'o'i ne zaune, na'urar auna saurin ƙwallo a hannu ɗaya, takarda a ɗayan. Takardar nan ita ce komai, domin a gaban sunan kowane yaro an rubuta makinsa na aji da sakamakon jarrabawarsa ta SAT ko ACT. Yaro zai iya jefa ƙwallon da za ta sa 'yan kallo kabbara, koci ya duba maki, ya wuce shi ko waiwaye babu.

Alaƙar besbol da makarantun masu ƙwaƙwalwa tsohuwa ce. Wasan farko tsakanin kwalejoji biyu Amherst da Williams ne suka buga shi a 1859, kuma George H. W. Bush ya taɓa zama kyaftin ɗin ƙungiyar Yale. Sabon abu shi ne yadda iyalai suka mayar da wasan hanyar samun gurbin karatu da gangan, tun yaro bai gama mallakar hankalinsa ba.

Babban dalili shi ne babbar ƙofa ta yi ƙunci. Harvard kan karɓi kusan mutum huɗu ne cikin kowane ɗari da suka nema. Amma bayanan da suka fito a shari'ar da aka yi da ita kan tsarin ɗaukar ɗalibai, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 2023, sun nuna cewa 'yan wasan da kociyoyi suka nema kusan kashi 86 cikin ɗari ake karɓa. Uban da ya ga waɗannan alƙaluma biyu gefe da gefe ba ya buƙatar wanda zai yi masa fassara.

Dalili na biyu daga cikin wasan kansa ya taso. Kafin 2020 ƙungiyoyin ƙwararru na MLB kan yi zagaye 40 suna zaɓen matasa. Daga 2021 aka mayar da shi 20, aka kuma rage ƙananan ƙungiyoyinsu na renon 'yan wasa daga 160 zuwa 120. Waɗanda a da za su tafi ƙwararru sai suka cika jami'o'i. Ga kuma tsarin sauya sheƙa da hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta buɗe a 2018 ta ƙara sassauta shi a 2021: kocin babbar jami'a ya gwammace ya ɗauki ɗan shekara 21 da ya riga ya goge, da ya yi renon ɗan sakandare. Sulhun da aka yi a 2025 a wata shari'a da ake kira House ya ƙayyade 'yan wasan besbol 34 ga duk jami'ar da ta shiga tsarin, a madadin 40. Yaro mai maki da a da zai samu wuri a benci a babbar ƙungiya, yau ya juya akalarsa zuwa Ivy League, ko Johns Hopkins, ko MIT, ko Amherst.

Sai dai wannan ƙofar gefe tana da nata mai gadi. Jami'o'i takwas na Ivy League ba sa ba da tallafin karatu saboda wasa, haka ma duk makarantun rukuni na uku na NCAA. Abin da suke bayarwa ya danganta ne da samun iyaye. Koci ba shi da ikon ba da gurbi. Abin da yake da shi 'yan sunaye ne da ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, waɗanda zai miƙa wa ofishin ɗaukar ɗalibai ya ce waɗannan nake so. Ofishin zai duba takardun yaro tun bazarar da ta gabaci ajinsa na ƙarshe, a Ivy League kuma a haɗa makinsa cikin wani ma'auni da ƙololuwarsa 240 ne. In an gamsu, daga 1 ga Oktoba ana iya aiko masa wasiƙar da ke cewa ya sa rai. Kafin wannan wasiƙa, duk abin da koci ya faɗa alkawarin baki ne, kuma yaro kan ɗaure kansa da neman makaranta guda tun Nuwamba a kan wannan alkawari. Idan koci ya sauya aiki, ko maki ya zame a zangon ƙarshe, yaron ne a ruwa.

Ba na cikin masu ganin babu alheri a nan. Tsarin yana tilasta wa ɗan wasa ya riƙi littafi da gaske, kuma ƙalilan ne daga 'yan wasan jami'a ke kai wa ga cin abinci da besbol. Kyle Hendricks, wanda ya fito daga Dartmouth ya ci kofin zakarun MLB da Chicago Cubs a 2016, irinsa ɗaiɗaiku ne. Sauran digirin ne zai riƙe su shekara arba'in. Dokar da NCAA ta kafa a 2023, wadda ta hana kociyoyin rukuni na ɗaya tuntuɓar yaro kafin 1 ga Agusta gabanin ajinsa na kusa da ƙarshe, ita ma ta yi wa waɗannan makarantu rana: an daina ƙulla alkawari da 'yan shekara goma sha huɗu, sai maki ya fito fili tukuna.

Inda abin yake damuna shi ne kuɗin da ake biya kafin a isa ƙofar. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kafin koci ya ga yaro, sai ya yi shekaru a ƙungiyoyin kuɗi masu yawo jiha zuwa jiha, da kuɗin jirgi da na otal, da mai horar da shi shi kaɗai, da kuɗin shiga sansani, da malamin da zai shirya shi wa SAT, irin jarrabawar da Dartmouth da Yale da Brown da Harvard suka dawo da ita dole a 2024. Binciken da Raj Chetty da abokan aikinsa suka fitar a 2023 ya gano cewa 'ya'yan kashi ɗaya cikin ɗari mafi arziki sun ninka 'ya'yan masu matsakaicin hali wajen shiga irin waɗannan jami'o'i ko da makinsu ɗaya, kuma ɗaukar 'yan wasa na cikin dalilai uku da suka lissafa. Abin kunyar 2019, lokacin da aka kama Rick Singer yana sayar wa attajirai guraben 'yan wasa da takardun bogi, ya nuna irin darajar da waɗannan gurabe suka yi.

Babban abin takaicin shi ne, ɗan talaka ne ya fi kowa cin moriyar waɗannan makarantu in ya shiga. Daga 2025 Harvard ta ɗauke dukkan ɗawainiya ga iyalin da samunsu bai wuce dala 100,000 a shekara ba. Amma yaron da ke buga wasa a filin unguwa ba ya cikin takardar da koci ke riƙe da ita, tunda bai biya kuɗin sansani ba. Baƙaƙen Amurkawa da suka kai kusan kashi 18 cikin ɗari na 'yan wasan MLB a 1991 sun dawo kusan kashi 6, kuma tsadar wasan yara na cikin dalilan da ake yawan ambata. Jami'o'in da suke da dukiyar ciyar da ɗalibi kyauta shekara huɗu suna da abin da za su biya wa kocinsu kuɗin tafiya zuwa filayen shirin RBI, wanda aka kafa a 1989 domin yaran unguwannin marasa ƙarfi, su kuma yafe kuɗin sansanoninsu ga wanda makinsa ya isa.