Tabo da Warkewa Bayan Tiyatar Ɗaga Nono

Tiyatar ɗaga nono aiki ne da likita ke rage fatar da ta saki bayan shayarwa, rama ko tsufa, sannan ya mayar da kan nonon sama. Duk inda wuƙa ta ratsa fata sai ta bar tabo. Siffarsa kuwa tana bin yankan da aka yi: ko zagaye a gefen baƙin da ya kewaye kan nono, ko zagayen haɗe da layi mai gangarowa ƙasa, ko a ƙara wani layin a lanƙwasar ƙarƙashin nono idan sakin ya yi yawa.

Warkewa mataki-mataki take. A kwanakin farko akwai kumburi da zogi. Daga nan jiki yakan shiga saƙa wani sinadari mai suna kolajin domin haɗe bakin ciwon, tabon ya yi tauri, ya yi duhu, ya riƙa ƙaiƙayi. Lafawarsa da laushinsa sukan ɗauki wata 12 zuwa 18, kuma ko ya gama nuna, ƙarfinsa bai wuce kusan kashi 80 cikin 100 na fatar asali ba.

Baƙar fata ta fi saurin yin tabo mai tudu. Wani yakan tsaya iyakar yankan, ya kwanta a hankali. Wani kuma, da ake kira kiloyid, yakan tsallake iyaka ya ci gaba da girma. Macen da hujin kunne, lamba ko ɗinkin tiyatar haihuwa ya taɓa yi mata tsiro, wajibi ne ta nuna wa likita tun kafin a sa rana. Ana magance irin wannan tabo da allurar da ake yi cikinsa, da manna silikon.

Kulawar gida tana da nata rabon. Ana sanya rigar mama mai tallafi, a guji ɗaukar kaya mai nauyi har kusan mako 6. Sigari, shisha da ciwon sukarin da ba a kula da shi ba suna jinkirta warkewa. Haka ma man bilicin, wanda ke sirantar da fata. Gashi da ruwan zafi ko barbaɗa garin magani a kan ɗinki kan jawo ƙuna da ruɓa. A Jos, inda hunturu ke busar da fata har ta tsage, shafa mai yana rage ƙaiƙayi, amma sai bayan ciwon ya rufe ruf.

Zazzaɓi, mugunya, wari, buɗewar ɗinki ko baƙin kan nono ya sauya launi alamu ne na komawa asibiti nan take. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo yana da likitocin gyaran fata da ke duba irin waɗannan matsaloli. Tabon tiyata yana dusashewa, amma ba ya ɓacewa gaba ɗaya.