Gudunmawar cika burin yara marasa lafiya a Amurka: ina kuɗin ke zuwa, me kuma ake jayayya a kai?

Da zarar makarantu sun rufe domin dogon hutu a Amurka, daga ƙarshen watan Mayu zuwa Agusta, wani irin roƙon gudunmawa yakan cika gidajen talabijin da shafukan sada zumunta da kantunan ƙasar. Za a nuna yaron da maganin ciwon daji ya zubar wa gashin kai yana dariya a bakin teku, ko yarinya a keken guragu tana gaisawa da mawaƙiyar da take so, sannan a roƙi mai kallo ya taimaka a cika wa wani yaron burinsa kafin hutu ya ƙare. Gidauniyar da ta fi shahara da wannan aiki ita ce Make-A-Wish, wadda ke da rassa a ƙasashe kusan 50, ta kuma ce ta cika wa yara fiye da 500,000 burinsu tun kafuwarta.

Aikin yana da farin jini ƙwarai, har mutane da dama na ganin rashin imani ne a yi tambaya a kansa. Amma kuɗin da ke cikinsa suna da yawa, kuma an daɗe ana tafka muhawara kan ko a nan ya kamata su tafi. Wani ɓangare na muhawarar ya taɓo yaran Sahel kai tsaye.

Yaron da ya so zama ɗan sanda

Asalin gidauniyar wani yaro ne ɗan shekara 7 a birnin Phoenix na jihar Arizona, Christopher Greicius, wanda ke fama da sankarar jini, ba shi kuma da wani buri da ya wuce ya zama ɗan sanda. A ranar 29 ga Afrilun 1980 jami'an hukumar tsaron jama'a ta jihar suka ɗauke shi a jirgi mai saukar ungulu, suka kai shi hedikwatarsu, suka rantsar da shi a matsayin jami'i na girmamawa, daga baya aka ɗinka masa kaki daidai jikinsa. Kwanaki kaɗan bayan haka, a farkon watan Mayu, ya rasu. Mahaifiyarsa da wasu daga cikin jami'an da suka yi hidimar su ne suka kafa gidauniyar a wannan shekarar. Har yau tana bikin ranar 29 ga Afrilu a matsayin ranar buri ta duniya.

Saboda wannan asali, mutane da yawa sun ɗauka cewa yaran da likitoci suka yanke ƙauna a kansu kaɗai ake yi wa wannan hidima. Haka abin ya faro, amma ba haka yake ba yanzu. Ƙa'idar gidauniyar a Amurka ita ce yaro ya haura shekara biyu da rabi, bai kai 18 ba, kuma likitansa ya tabbatar yana ɗauke da ciwo mai tsanani da ke barazana ga rayuwarsa. Da yawa daga cikinsu suna warkewa su girma. Wannan rashin fahimta yana da illa a aikace, domin akwai iyayen da ke ƙin amincewa a miƙa sunan ɗansu, suna ganin yin hakan tamkar amsa cewa ajali ya zo ne.

Likita ko ma'aikacin jinya ko iyaye, ko ma yaron da kansa, su ke miƙa suna. Sai masu aikin sa kai su je gida su zauna da yaron, su tambaye shi abin da yake so shi kansa, ba abin da iyayensa ke so masa ba. Wani ya ce a kai shi wani wuri, wani ya ce yana son ya zama wani abu na yini guda, wani yana son ganin wani tauraro, wani kwamfuta yake so ko a gyara masa ɗaki. Akwai ma waɗanda ke cewa a ba da nasu rabon ga makarantarsu ko asibitin da ke jinyarsu. Ɗan kokawar nan John Cena shi kaɗai ya amsa irin wannan kira sau 650, abin da ya sa kundin bajinta na Guinness ya sanya sunansa a 2022.

Gidauniyar ba ta biyan kuɗin magani. A ƙasar da bashin asibiti ke durƙusar da iyalai, nauyin jinyar yana kan inshorar iyaye ne ko shirye-shiryen gwamnati irin su Medicaid, wanda aka kafa a 1965, da shirin inshorar lafiyar yara na CHIP da ya zo a 1997. Wato ana cika burin ne a kan wata shimfiɗa da aka riga aka yi: akwai asibiti, akwai likitan da ya gano ciwon, akwai wanda ke biyan maganin.

Me ya sa sai lokacin hutu?

Mafi yawan burikan na tafiya ne, kuma ba yaron kaɗai ake kaiwa ba. Iyayensa da 'yan uwansa na gida duk suna cikin ayarin, domin su ma sun sha wahalar jinyar. Hakan ya fi sauƙi a lokacin da makarantu ke rufe, lokacin da kuma kuɗin jirgi da na otal suka fi tsada. Shi ya sa gidauniyar ke karɓar har da makin da kamfanonin jiragen sama ke tara wa fasinjojinsu, ta mayar da shi tikiti. Wuraren shaƙatawa na Disney ne aka fi nema; kamfanin ya ce ya zuwa 2023 ya taimaka wajen cika buri 150,000. A garin Kissimmee na jihar Florida akwai wani masauki na musamman, Give Kids The World Village, da Henri Landwirth, wanda ya tsira daga sansanonin 'yan Nazi yana yaro, ya kafa a 1986 domin saukar da irin waɗannan iyalai kyauta.

Akwai kuma dalili na lissafi. Amurkawa sun fi sakin hannu a watannin Nuwamba da Disamba, lokacin bukukuwa da ƙarshen shekarar haraji, tunda dokar ƙasar ta ba da damar a rage wa mutum haraji kan abin da ya bai wa ƙungiyar agaji mai rajista. Tsakiyar shekara kuwa lokacin fari ne ga ƙungiyoyin agaji. Ga kashe kuɗi ya ƙaru, ga shigarsu ta ragu, ga shi shekarar kuɗi ta gidauniyar tana rufewa a ƙarshen Agusta. Roƙon da ke tasowa a lokacin zafi daga nan yake.

Inda tausayi ke tara kuɗi, 'yan cin riba ba sa nisa. A 2013 jaridar Tampa Bay Times da wata cibiyar binciken ƙwaƙwaf ta 'yan jarida sun bi diddigin takardun harajin ƙungiyoyin agaji na shekaru goma, suka fitar da jerin 50 mafi muni a Amurka. Wadda ta zo ta farko ita ce Kids Wish Network ta Florida, mai suna da ke kama da na Make-A-Wish alhali babu abin da ya haɗa su. Binciken ya ce ƙasa da kashi 3 cikin 100 na abin da ta tara ne ya isa ga yara a matsayin taimako kai tsaye, yayin da kusan dala miliyan 110 suka tafi aljihun kamfanonin da ke buga wa mutane waya suna roƙo a madadinta. An iya gano hakan ne saboda doka ta tilasta wa irin waɗannan ƙungiyoyi miƙa bayanin kuɗinsu duk shekara a wata takarda mai lamba 990, wadda kowa ke iya dubawa.

Shin yana ƙara lafiya?

Gidauniyar takan ce cika buri wani ɓangare ne na jinya. Akwai ɗan abin dogaro a maganar. Wani bincike da aka yi a Isra'ila, aka wallafa a 2016, ya raba yara 66 masu ciwon daji gida biyu ta hanyar ƙuri'a, aka cika wa wasu burinsu, wasu suka ci gaba da jiran layi. Waɗanda aka cika wa sun nuna raguwar damuwa da fargaba da ƙaruwar fata. Wani binciken na asibitin yara na birnin Columbus a jihar Ohio, a 2018, ya kwatanta yara 496 da aka cika wa buri da wasu 496 masu irin ciwonsu, ya ga na farkon ba su cika komawa asibiti cikin gaggawa ba kamar na biyun.

Sai dai na farkon ƙaramin bincike ne, ya kuma auna yanayin zuciya ne na 'yan makonni. Na biyun kuwa waiwaye ne a cikin bayanan asibiti, kuma mai yiwuwa ne yaran da jikinsu ya yi ƙwarin da za a bar su su hau jirgi dama sun fi sauran sauƙi. Abin da za a iya faɗa da gaskiya shi ne aikin yana faranta wa yaro da iyalinsa rai a lokacin da farin ciki ya yi musu wuya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga duk wanda ya taɓa kwana a ƙasan gadon asibiti yana jinyar yaro.

Ranar da birni ya tsaya saboda yaro ɗaya

A ranar 15 ga Nuwamban 2013 birnin San Francisco ya yi wa Miles Scott, ɗan shekara 5 da ya yi jinyar sankarar jini, wasan kwaikwayo na yini guda. Burinsa ya zama Batman, jarumin finafinai. Aka sa masa tufafin jarumin, aka shirya masa “miyagu” ya kama, magajin gari ya miƙa masa mabuɗin birni, dubban mutane suka cika tituna, shugaban ƙasa Barack Obama ya aiko masa da gaisuwa ta bidiyo. Hidimar ta ci wa birnin kimanin dala 105,000, waɗanda wasu masu hannu da shuni suka biya daga baya. A 2018 aka sanar cewa yaron ya shekara biyar ciwon bai dawo ba.

Wata guda bayan bikin, masanin falsafa Peter Singer ya rubuta a jaridar Washington Post cewa matsakaicin kuɗin cika buri ɗaya a lokacin dala 7,500 ne, kuma wannan adadi, in an sa shi a gidan sauro a ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro ke kashe yara, zai iya ceton rayukan yara aƙalla biyu ko uku. Ya ce ko iyayen Miles aka tambaya su zaɓa tsakanin yinin farin ciki da rayuwar ɗansu, an san abin da za su ɗauka.

An yi masa caa, an kira shi marar zuciya. Wasu martanin suna da nauyi. Wanda ya bayar da dala 20 saboda hoton yaro ya taɓa shi, ba lallai ne da bai gani ba ya aika da su Afirka. Mai yiwuwa abincin dare zai saya. Kuma al'ummar da ba ta yin komai sai abin da lissafi ya ce ya fi riba, ba za ta kula da tsoho ko mai ciwon ajali ba. Duk da haka babu wanda ya rushe lissafin Singer, an dai nuna cewa ba shi kaɗai ne ma'auni ba.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da sanin dalilin da ya sa yaro ɗaya mai suna da fuska ya fi yara dubu marasa suna jan hankali. A wani gwaji da aka wallafa a 2007, Deborah Small da George Loewenstein da Paul Slovic sun nuna wa wasu mutane labarin wata yarinya 'yar Mali mai fama da yunwa, wasu kuma aka nuna musu alƙaluman miliyoyin mayunwata. Waɗanda suka ga yarinyar sun fi bayarwa nesa ba kusa ba. Da aka haɗa labarin nata da alƙaluman, sai gudunmawar ta ragu. Duk mai bibiyar shafukan sada zumunta a arewacin Najeriya ya san wannan ɗabi'a: bidiyon yaro ɗaya da lambar asusun banki zai tara miliyoyin naira cikin kwana biyu, yayin da kasafin kuɗin asibitin da yaron yake kwance zai wuce majalisar jiha ba wanda ya buɗe shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara kimanin 400,000 ne ke kamuwa da ciwon daji duk shekara. A ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin 100 suna warkewa, a yawancin ƙasashe matalauta kuwa ba su kai kashi 30 ba, shi ya sa a 2018 hukumar ta ƙaddamar da shirin kai adadin zuwa kashi 60 nan da 2030. Inda yawancin yara ke warkewa, tambayar me za a yi wa yaro ya ji daɗi a tsakiyar jinya tambaya ce mai ma'ana. Inda ake gano ciwon a makare, iyaye su sayar da gona sannan su bar asibiti magani bai ƙare ba, ba a ma iso wurinta ba.

Watannin da Amurkawa ke hutunsu su ne damina a ƙasar Hausa, lokacin da sauro ya fi ɓarna. Najeriya ita kaɗai ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya. Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa bai wa yaran Sahel 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 maganin rigakafi sau ɗaya kowane wata har damina ta wuce, kuma shi ne maganin da ma'aikata ke bi gida-gida suna rabawa a Sokoto da Katsina da Jigawa da Maraɗi da Damagaram. A Najeriya wani kaso na kuɗin aikin yana fitowa ne daga masu ba da gudunmawa a Amurka da Turai da suka karɓi irin hujjar Singer, ta hannun ƙungiyar Malaria Consortium. Ƙungiyar GiveWell, mai auna tasirin ayyukan agaji, ta ƙiyasta cewa kare yaro ɗaya tsawon damina guda yana cin kimanin dala 7. A kan wannan lissafi, dala 7,500 za su wadaci yara fiye da 1,000 daga farkon ruwa zuwa kaka.