Shin Giya Tana Kawo Ƙurajen Fuska?

Ƙurajen fuska suna fitowa ne idan maiƙo da matacciyar fata suka toshe ƙofofin gashi. Giya ba ta haddasa su kai tsaye, amma tana sa yawan fitsari, ta busar da jiki, ta kuma jinkirta warkewar ƙurji. In kana aiki a masana'antun Bompai, cikin gumi, ƙura da baƙin mai, dama fatarka a wahale take. Giya ƙarin nauyi ce. Babban haɗarin yana ga hanta: isotretinoin, maganin ƙuraje masu tsanani, yana iya taɓa ta, giya ma haka. Kada kunya ta sa ka ɓoye wa likita kana sha. Idan ƙurajen sun fara barin tabo, ka nemi likitan fata a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.