Abincin Meksiko na Gaskiya Yana Gidan Abincin Unguwa

Wanda ya san abincin Meksiko ta talabijin ko ta manyan kantunan Amurka, abin da ya sani bai wuce taco, wato wani ƙanƙararren fanken masara mai lanƙwasa da aka ɗura wa niƙaƙƙen nama da cuku ba. Kamfanin Taco Bell, wanda Glen Bell ya kafa a Kalifoniya a 1962, shi ya fi yaɗa wannan samfurin. Sau biyu kamfanin yana buɗe shago a Meksiko, a 1992 da 2007, sau biyu kuma yana naɗe tabarmarsa, don mutanen ƙasar ba su ga abincinsu a cikin abin da yake sayarwa ba. A ganina dalilin a fili yake. Meksiko ƙasa ce mai jihohi 31 da babban birni, kowane yanki da tukunyarsa, kuma inda wannan girki yake da rai shi ne ƙaramin gidan abinci na unguwa da suke kira fonda.

Fonda ta yi kama da rumfar mai tuwo-tuwo. Tebura kaɗan ne, galibi mace ce ke riƙe da wurin, kuma abin da ta samo a kasuwa da safe shi za a ci da rana. Wajen ƙarfe 2 ma'aikata ke cika wurin. A fara kawo miya mai ruwa-ruwa, sai shinkafa da aka dafa da tumatir, sai babban kwano na nama ko ganye cikin miya mai kauri, ga wake a gefe, ga fanken masara da ake kira tortiya, da zafinsa, a naɗe cikin ƙyalle. Abin sha kuwa sau da yawa zoɓo ne, kuma Meksiko na cikin manyan masu sayen zoɓon da ake fitarwa daga arewacin Najeriya. Musulmin da ya shiga irin wannan wuri sai ya yi tambaya, domin kitsen alade yakan shiga wake da alalar masara.

Mai fonda abin garinsu take dafawa. 'Yar jihar Wahaka za ta yi baƙar miyar mole, wadda ake ƙona barkono har ya yi baƙi, a niƙa shi da riɗi da kirfa da kanumfari da ɗan cakulan, aikin da kan ci yini guda. A can kuma ana cin soyayyiyar fara da gishiri da lemun tsami. A Halisko naman akuya ake dafawa da jan barkono, shi ne birria. A Idalgo a kan naɗe naman rago cikin ganyen magey a binne shi a rami mai garwashi ya kwana. A gaɓar teku ta Berakurus kifi ne da tumatir da zaitun, a Sonora ta arewa kuma gasasshen naman sa ne da fanken alkama. Ba banza ba, da UNESCO ta sa girkin gargajiya na Meksiko cikin al'adun duniya da ya wajaba a adana a 2010, da girkin jiha ɗaya ta kafa misali, wato Michowakan.

Abin da ya ɗaure waɗannan yankuna wuri guda masara ce, da yadda ake sarrafa ta. A kudancin Meksiko aka fara noma masara, kimanin shekara 9,000 da suka wuce, daga can ta bazu har ta iso gonakinmu. Sai dai akwai dabarar da ba ta biyo ta ba. Ana tafasa tsabar masara a ruwan farar ƙasa ko na toka, a bar ta ta kwana a ciki, da safe a wanke, a murje dusar, a niƙa ta da damshinta. Ƙullin da ya fito yana haɗuwa ba tare da an sa masa komai ba, a murza shi, a danne, a ɗora a kan tanda mai faɗi. Idan an yi daidai sai ya kumbura da iska a juyi na ƙarshe. Wannan jiƙo yana sakin sinadarin niyasin da ke ɗaure a cikin tsabar. Talakawan arewacin Italiya da kudancin ƙasar Amurka da suka dogara ga masara ba tare da wannan dabara ba sun sha fama da cutar felagra, mai ɓata fata da hanji da hankali. Don haka gidan abincin da yake jiƙa masararsa da kansa ilimi yake riƙe da shi, kuma harshe yana jin bambancin tun a loma ta farko.

Wani zai ce maganar "na gaskiya" ba ta da tushe, tunda rabin kayan baƙi ne. Akuya da rago da alkama da kirfa duk Sifaniyawa suka kawo su a ƙarni na 16, shahararren taco al pastor kuma daga shawarmar 'yan ci-ranin Lebanon ya samo asali. Wannan gaskiya ne, amma bai rushe batun ba. Ba wanda ya ce girkin bai taɓa sauyawa ba. Tambayar ita ce wa ya sauya shi, kuma don wa. Shawarma ta zama abincin Meksiko ne saboda masu girki na unguwa sun bi bakin maƙwabtansu shekara da shekaru, suka sa mata barkonon ƙasar da abarba, suka naɗe ta a tortiya. Wannan ya sha bamban da kamfanin da ya rage yaji, ya daidaita ɗanɗano, don kaya ɗaya ya sayu a dubban rassa.

Akwai kuma mai cewa ƙaramin wuri ba shi ne shaidar kyau ba, kuma da yawansu garin masara na masana'anta irin Maseca suke kwaɓawa don sauƙi. Haka ne, kuma ba laifin mai fonda ba ne idan kuɗin gas da na haya sun hana ta jiƙa masara kullum. Amma ko da hakan, wadda take ciyar da mutanen unguwa ɗaya kowace rana ba ta iya ɓoye ha'inci: tsohuwar da ta girma tana cin mole za ta gane in an yi masa ƙwange, gobe kuma ba za ta dawo ba. Masu ba da lambar yabo ma sun iso ga wannan. A 2024, da littafin Michelin ya fara tantance gidajen abincin Meksiko, ya ba El Califa de León tauraro, wani ɗan shago a unguwar San Rafayel ta babban birni da aka buɗe a 1968, inda taco iri 4 kacal ake sayarwa kuma a tsaye ake ci.