Wa ke cin riba a caca idan tafiya ta yi nisa?

Da zarar an kai amfanin gona gida a Shanono, an sayar da wake da gyaɗa, kuɗi kan ɗan zauna a aljihun matasa. A da, mai son caca sai ya nemi lungun 'yan karta. Yau wayar hannu ta kawo masa cacar ƙwallo har kan tabarmarsa, duk da cewa Hukumar Hisbah ta Kano ta rufe shagunan cacar a 2024.

Kowane ɗan caca yana da labarin ranar da ya ci. Masana lissafi kuwa ba rana ɗaya suke dubawa ba. Tun 1713 littafin Jacob Bernoulli, ɗan ƙasar Suwizalan, ya tabbatar da cewa in aka yi ta maimaita abu, sa'a da rashinta kan shafe juna, lissafin asali ya fito fili.

A birnin Las Begas na Amurka ana gasar duniya ta kartar poka tun 1970. Ƙalilan ɗin da suka daɗe suna ci ba sa'a suka fi kowa ba. Yawancin kartar da aka raba musu ajiyewa suke yi, su ƙi shiga. Kafin su zuba kuɗi sai sun auna su da abin da ke tsakiya. Ba sa kai jarinsu duka zama guda, kuma in an cinye su ba sa ramuwa cikin fushi. To, daga ina ribarsu ke fitowa? Daga aljihun marasa haƙuri, bayan mai gidan caca ya cire la'adarsa. Ba kadada ɗaya da aka nome. Kuɗin wani ne ya koma hannun wani.

Cacar ƙwallo ta fi haka muni, domin kamfani ne ke yanka farashi, kuma ribarsa na ciki tun kafin a busa usur. Wanda ya jera wasa 10 a tikiti ɗaya, ko da kowanne rabi-da-rabi ne, damarsa 1 ce cikin 1,024. Matashin da ke ganin saura ƙiris ya ci, nisansa ke nan.

Aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haramta caca, malamanmu kuma ba su gaji da faɗa ba. Ina roƙon iyaye da malaman makaranta su ƙara da wannan lissafin, su zauna da yaranmu su buga shi tare, tun kafin kuɗin takin baɗi su salwanta.