Yadda A Ke Ƙidayar Kifin Teku

Kowane malamin ofis ya sani, in ƙidaya ta karkace, duk hukuncin da aka ɗora a kanta sai ya karkace. To, mutane da shanu ana ganinsu da ido a lasafta. Ina ga abin da ke ƙarƙashin teku, wanda ba ya zama wuri guda, ba shi kuwa da mai unguwa balle a tambaya? Duk da haka tilas ne a ƙidaya shi, gama da wannan lissafi ne gwamnatoci su ke yanke yawan kifin da za a kama kowace shekara. Abin da ya sami ƙasar Kanada ya isa ya nuna mana nauyin wannan aiki.

A gabas da tsibirin Newfoundland akwai wani kifi da a ke kira kod. Irinsa ne a ke busarwa a Norwe har ya yi tauri kamar itace, a kawo kasuwannin Nijeriya. Da John Cabot ya isa wannan teku cikin 1497, labari ya koma Ingila cewa don yawan kifin nan ko kwando aka zura sai a ɗebo shi. Shekaru wajen ɗari biyar ana ci bai ƙare ba. Sa'an nan manyan jiragen su masu jan koma suka ɓullo daga ƙasashe dabam dabam, har cikin 1968 kaɗai aka kama wajen tan 800,000. Cikin 1977 Kanada ta faɗaɗa ikonta zuwa mil 200 daga gaɓa, ta ɗauki nauyin ƙidaya da tsaro.

Ga yadda a ke aikin. Jirgin bincike ya kan fita kowace shekara, ya ja koma iri ɗaya, na tsawon lokaci ɗaya, a wuraren da aka zaɓa da ƙuri'a, don kada son rai ya shiga. Abin da aka kama a ƙidaya, a auna. A cikin kan kifi kuma akwai wani ɗan dutse mai zobba kamar na gindin itace, da shi a ke sanin shekarunsa. Ba kod kaɗai a ke dubawa ba, har da ƙananan kifayen da ya ke ci, da ƙwayoyin halittun da su kuma su ke ci. Tun 1931 wani masani Bature, Alister Hardy, ya fara aiki da wata na'ura mai ƙyallen siliki, wadda jiragen fatauci ke ja a bayansu tana tace waɗannan ƙwayoyi. Har yau ba a daina ba.

To, ina aka sami kuskure? An haɗa lissafin bincike da na manyan jiragen su, aka ce tun da komarsu na cika, kifi na nan. Ashe da kifin ya ragu sai ya riƙa taruwa wuri guda, jiragen kuwa suna da na'urar gano shi da amsa-kuwa, saboda haka koma ta cika alhali teku na ƙarewa. Masuntan gaɓa masu ƙananan jirage sun yi ta kuka cewa kifi ya yi ƙaranci, wanda su ke samu ma ƙanana ne, amma ba a ba maganarsu nauyi ba. Cikin 1989 masanan gwamnati suka gyara lissafinsu, suka ba da shawara a tsaya a tan 125,000. Gwamnati ta ji tsoron rufe masana'antu, ta yanke 235,000.

Ran 2 ga Yuli, 1992, Ministan Su, John Crosbie, ya yi shelar hana kamun kod. Mutum wajen 30,000 suka rasa abin yi, garuruwa da yawa na bakin teku suka yi ta watsewa. An ce hanin na shekara biyu ne, sai ga shi ya kai shekara 32. Ba a ɗage shi ba sai cikin Yuni, 2024, aka yarda da tan 18,000 tak. Da na sani ƙeya ce.

A Tekun Barents kuwa, Norwe da Rasha sun kafa hukumar haɗin gwiwa tun 1976, masanansu na ƙidaya tare, a yanka rabo bisa ga abin da aka gani. A 'yan shekarun nan da lissafi ya nuna raguwa, an yi ta rage rabon shekara bayan shekara, ko da ya ke masunta sun ji jiki.

Darasin a fili ya ke ga duk mai riƙe da alƙalami. Na fari, kada a auna yawan abu da cikar jakar mai ɗibarsa. Na biyu, maganar talakan da ke wurin ita ma shaida ce, a rubuta ta. Na uku, in lissafi ya zo da labari marar daɗi, a kai shi gaban shugabanni yadda ya ke, su kuwa su daure su yi aiki da shi tun da sauran abin ceto.