Buhu a Kan Buhu, Leda a Cikin Leda

Da kaka ta kama, sito-sito a Zabi da kasuwar Sabon Gari kan cika maƙil da masara da wake. Manomi ya sha rana wata huɗu, amma sau da yawa asararsa ba a gona take ba. Tana faruwa ne a ɗakin ajiya, inda aka jibge buhuna a ƙasa yadda aka ga dama.

'Yan dako da suka ƙware ba sa yin haka. Sai sun shimfiɗa katako tukuna, don kada danshin siminti ya taɓa buhun ƙasa. Sahun farko a miƙe, na biyu a gicciye, kamar yadda magini ke ɗora bulo, kowane buhu ya danne mahaɗar biyun da ke ƙarƙashinsa. Sukan kuma bar rata tsakanin kaya da bango, iska ta ratsa, mai sito ya samu hanyar dubawa. Da irin wannan jeri aka tayar da dalar gyaɗa a Kano, wadda akan ce guda ɗaya na cin buhu 15,000, kuma duk da ka aka hau da su.

Wake kuwa jeri kaɗai ba ya isar sa. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar da irin SAMPEA iri-iri, amma ƙwaro ba ruwansa da sunan iri: tun daga gona yake biyo ƙwaya, cikin 'yan watanni ya mayar da ita gari. Wasu 'yan kasuwa suka koma zuba maganin ƙwari a buhu, abin da ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar waken Nijeriya a 2015. Mai cin alale a Samaru kuwa babu wanda ya tace masa.

Akwai mafita ba tare da maganin ƙwari ba. Buhun PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro aka fara yaɗa shi a 2007, ruɓi uku ne: leda mai kauri biyu, ɗaya cikin ɗaya, sai buhun saƙa a waje. Kowace ana matse iskarta a ɗaure ta daban. Ƙwarin da ke ciki su shanye 'yar iskar da ta rage, su daina ci da hayayyafa, su mutu.

Sharaɗin dai waken ya bushe ƙayau kafin a zuba, kuma a nesanta buhun da ɓera. Huda ɗaya ta ratsa ledojin nan biyu, iska ta koma, ƙwaro ya ci gaba daga inda ya tsaya.